Ɗanyen Kaya

A gidan Injiniya akwai kalmar da ba a faɗa. Ka zagi masu ɗauke wuta, ka tsine wa masu tsadar kaya, duk ba ruwansa, amma in kana son ku rabu lafiya da maigidan, kada bakinka ya kuskura ya ce "shara". Gwaggo ce ta fara taka wannan doka, ranar da wata tsohuwar motar kaya ta tsaya a ƙofar gida aka shiga jido buhuna ana jibgewa a tsakar gida. Ta kwance bakin buhu ɗaya ta leƙa, ta ga toka ce baƙa-baƙa mai ƙyalƙyali, ta ja da baya tana kakkaɓe hannu.

"Ɗan nan, wannan sharar kuma fa? Bola ce ta cika aka koma zubawa a gidajen mutane?"

Injiniya ɗan ƙaninta ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, yau kuma ita ke zaune a ɗakin baya na gidansa tun da mijinta ya rasu. Ba injiniyan takarda ba ne, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan saboda ba ya rabo da biro a aljihu da dogon bayani a baki. Ya gyara tsayuwa, ya dube ta kamar wanda ta yi wa ashar.

"Haba Gwaggo! Don Allah kada in sake jin wannan kalmar a gidan nan. Wannan ɗanyen kaya ne. Duk mai ilimi haka yake kiransa. Abin da wannan kamfani ya zubar, shi wancan kamfani yake nema ido rufe. Duniya ta ci gaba, yanzu ba a yar da komai, juya shi ake yi ya dawo."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Gwaggo. Ta maimaita sunan a ranta sau biyu don kada ta sake ɓata masa.

Tokar daga kamfanin narka alminiyam ake kwaso ta, ita ce abin da ke saura a gindin tukunyar narki. In an tankaɗe ta, ɓurɓushin ƙarfen da ya tsaya a rariya masu zuba tukwane ke karɓa, garin da ya sauka ƙasa kuma masu buga bulo ke haɗawa da siminti. A gaskiya tunanin ba shi da aibu. Akwai wuraren da ke yin wannan aiki da inji, da bututun da ke zuƙe ƙura, da ma'aikata a rufe tun daga kai har ƙafa. Shi dai Injiniya bai ga dalilin neman inji ba alhali akwai rariya a kicin, akwai kuma Gwaggo a ɗakin baya.

"Ke da kike zaune ba kya komai," ya ce mata, "ai motsa jiki ne. Buhu ɗaya a rana, kina yi kina jin rediyo."

Wallahi da murnarta ta karɓa. Wanda ya taɓa zama a gidan wani yana ci ba ya kawowa, shi ya san yadda loma ke nauyi a maƙogwaro. Gwaggo ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin katanga, ta ɗauki rariya, ta fara. Ta iya tankaɗe kuwa, hannu ne da ya shekara hamsin yana yi. Buhu ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku, Injiniya yana shigowa da yamma yana shafa garin da yatsa yana cewa ko inji albarka.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko ya sauko da hantsi, ya taɓa buhuna huɗu kafin a ankara. Abin mamaki sai ga buhunan sun ɗau zafi suna huci, wani wari mai kama da tsohon fitsari ya turnuƙe gidan, idon kowa ya shiga ruwa. Malama, matar Injiniya, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta kwashi yara ta yi falo da su tana toshe hanci. Injiniya ya dawo ya tarar da ɓarna, ya dinga sababi kamar Gwaggo ce ta kira hadarin.

"Wannan kaya ba ya son ruwa ko ɗigo! Dole a shigar da shi ɗaki."

Aka tsaya neman ɗaki. Falo na baƙi ne. Ɗakin yara, ai ba ma a fara wannan magana ba. Sito cike yake da kayan kicin na Malama, ta ce ba mai taɓa mata. Sai idanu suka juya ɗakin baya a tare.

"Kwana biyu ne, Gwaggo, kafin in sami shago," in ji Injiniya.

Aka tura gadonta jikin bango, aka ɗora akwatinta a kan gadon, aka jera buhuna tun daga ƙasa har kusa da silin. Abin da ya rage mata bai fi wurin shimfiɗa tabarma ba, a nan take tankaɗe, a nan take salla, a nan take cin abinci. Kwana biyu suka zama wata biyu. Duk lokacin da ta tambayi maganar shago, sai ya ce ana kan magana, mai shagon ne ya yi tafiya.

A tsakar gida iska kan kwashe ƙurar. A ɗaki kuwa babu inda za ta je. Takan tashi ta tsaya a sama, sannan ta sauko a hankali kan gado, kan filo, kan kwanon abinci, kan gashin ido. Gwaggo ta yi abin da kowace mace ke yi in ƙura ta dame ta, ta ɗebi ruwa a kofi ta yayyafa a ƙasa kafin ta share. Nan take warin nan ya tashi, idanunta suka yi jajir. Injiniya ya jiyo tun daga ƙofar gida.

"Gwaggo, so kike ki kashe ni? Na ce ba ruwa! Ko ɗigo!"

"Ƙurar ce ta yi yawa, ɗan nan. Har a haƙorina nake jin ta."

"Ƙura ai ba ta kisa. Su waɗanda ke aiki a kamfanin ba mutane ba ne? Ki ɗaura ɗankwali a hanci."

Ta ɗaura. Kafin azahar ɗankwalin ya yi baƙi ta wajen baki, ta juya shi ta ɗaura ta ɗaya gefen.

Tagar ɗakin Gwaggo tana kallon gidan maƙwabciya, wata mace mai ɗinki, mai faɗar gaskiya ba ta duba fuska. Ranar nan ta wanke farin yadin wani mai kaya ta shanya, ta dawo ta tarar ya koma ruwan toka. Ta hau kan turmi ta leƙo ta katanga.

"Injiniya! Wai me kuke ƙonawa ne a gidan nan? Kayan mutane nake ɗinkawa fa! In ba a daina ba, wallahi sai na kira masu duba gari."

Kalmar masu duba gari ita ce ta taɓa shi. Ya ba ta haƙuri da murmushi har kunne, ya ce in sha Allahu ba za ta sake gani ba. Ya kuwa cika alkawari. Da yamma ya zo da leda mai kauri da kwali da ƙusoshi, ya rufe tagar ruf, ya bi gefe-gefe da tsumma ya toshe. Gwaggo tana zaune tana kallon hasken ɗakinta yana raguwa da kowace ƙusa.

"Ta ina zan sha iska?"

"Ga ƙofa nan a buɗe. Dama iskar damina ba ta da kyau ga tsofaffi."

Tarin ya fara kamar wasa, ɗan gyaran murya da safe. Daga nan ya zama wanda ke tsayar da ita a tsakiyar magana. Daga nan ya zama wanda sai ta dafa bango, ta sunkuya, jijiyoyin wuyanta su miƙe, ta tofar da abu baƙi a tsumma ta yi saurin naɗewa. In ta tashi daga tabarma zuwa banɗaki, sai ta tsaya a hanya ta huta sau ɗaya, tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba.

Kowa a gidan yana da sunan da ya ba ciwon. Injiniya ya ce tsufa ne. Malama ta ce sanyi ne, Gwaggo ta cika shan ruwan randa. Aka sayo maganin tari na kwalba a kemis, mai zaƙi, ta shanye kwalba uku. Amma abin da ya fi tsaya wa Gwaggo a rai shi ne ranar da ta ji Malama tana yi wa yara kashedi a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa wadda ta ɗauka ba a ji.

"Duk wanda na sake gani a ɗakin Gwaggo sai na zane shi. Ko bakin ƙofa kada ku tsaya. Ba ku ga ƙurar nan guba ce ba?"

Ashe sun sani! Gwaggo ta ajiye rariya a cinya, ta daɗe tana kallon hannuwanta. Da Malama ta kawo abinci ta ajiye a bakin ƙofa, kamar yadda ta koma yi, sai Gwaggo ta ce, "'Yar nan, na ji kin hana yara shigowa."

"Ai don kada su dame ku ne, Gwaggo. Kuma kun san jikin yaro ba kamar na babba ba ne. Ku kun saba."

Ana cikin haka aka ce baƙi za su zo, mutanen wata ƙungiya da ke ba da lambar yabo ga masu mayar da abin da kamfanoni suka zubar ya zama abin amfani. Gidan ya ɗau shara da goge-goge tun da sassafe. Aka fito da buhu biyu tsakar gida, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka ja labule a ƙofar ɗakin baya. Injiniya ya buɗe wani kwali ya ciro takunkumin hanci mai kyau, mai roba da matatar iska guda biyu, da safar hannu, da tabarau. Shi da kansa ya ɗaura wa Gwaggo.

Ta ja numfashi a cikin abin nan, ta ji iska ta shiga ba ƙaiƙayi, ba ɗaci. Rabonta da irin wannan numfashi har ta manta. Baƙi suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafa. Injiniya ya dafa kafaɗarta yana cewa, "Wannan uwata ce. Mun samar wa tsofaffi aikin yi a cikin gida, cikin mutunci." Wata daga cikin baƙin har da share hawaye.

Motarsu ba ta gama fita daga layin ba Injiniya ya miƙo hannu.

"Kawo, Gwaggo, kada ya yi datti."

Ta riƙe abin da hannu biyu. "Ka bar mini wannan, ɗan nan. Don girman Allah. Na ji daɗin numfashi a cikinsa."

"Guda ɗaya ne fa, kuma za su dawo da manyansu. In matatar ta toshe ina zan samo wata? Daga waje ake kawo su. Zan sa a kawo miki naki, ki ƙara haƙuri."

Ya zare shi daga kanta a hankali, da ladabi, ya goge ya mayar cikin kwali. Aka mayar da buhuna ɗaki, aka naɗe sabuwar tabarma.

Bayan an ba shi lambar yabon sai aiki ya ƙaru. Motar da ke zuwa sau ɗaya a mako ta koma zuwa sau biyu. Wata safiya Gwaggo ta tara ƙarfinta ta tare shi kafin ya fita.

"Ɗan nan, na gaza. Ƙirjina ba ya ɗauka. Ka nemi wani ya yi, ko ka fitar mini da kayan nan daga ɗaki."

Ya tsuguna a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya sassauta murya, irin muryar da yake roƙonta da ita tun yana ƙarami.

"Gwaggo, in na kawo bare, gobe duk gari ya ji sirrina, wani ya je kamfanin ya ƙwace mini hanya. Ke kaɗai na yarda da ke. Masu bulo suna jira, na yi musu alkawari. So kike a ce ɗanki maƙaryaci ne? Yanzu fa aka fara sanina. Ki taimake ni zuwa ƙarshen wata kawai."

Malama ta ɗaga murya daga kicin, kamar da tukunya take magana. "Kowa dai a gidan nan da abin da yake kawowa. Ni ma da ciwon baya nake tsayuwa gaban allo."

Gwaggo ba ta da inda za ta. Ba ɗa, ba jika na cikinta, 'yan uwanta duk sun riga ta gidan gaskiya. Ta ɗauki rariya.

Mai ɗinki ce ta shigo wata rana da hantsi, lokacin da maigida ya fita, Malama da yara suna makaranta. Tarin da take jiyowa ta katanga ne ya hana ta sukuni. Ta ɗaga labulen ɗakin baya, ta tsaya cak, ta kama baki.

"Inna lillahi! Gwaggo, a nan kike kwana? A cikin wannan?"

Ta kamo ta ta fito da ita tsakar gida, ta zaunar da ita, ta yi mata fifita. Hawaye take yi tana zagi. Ta ce yau ɗin nan za ta je ta kira masu duba gari, Gwaggo ta riƙe mata zane.

"Ki rufa mini asiri. A kama shi a ce ni na jawo? Ni na goya shi fa."

"To na ji. Amma asibiti dole. Kuma ki saurare ni da kyau, Gwaggo. Mutumin nan ba ya jin maganarki, ba ya jin tawa, amma yana tsoron takarda. In likita ya rubuta cewa a fitar da kayan nan daga ɗakinki, wallahi jiki na rawa zai fitar. Ke dai ki faɗa wa likita abin da kike yi, da bakinki. Shi ke nan."

Wannan magana ta zauna wa Gwaggo. Ba kamu, ba tonon asiri a unguwa, takarda ɗaya kawai. Ta shiga shirya abin da za ta faɗa, tana tankaɗe tana bita. Ta san numfashinta ba ya kai ta doguwar magana, don haka dole ta zaɓi kalmomi kaɗan masu nauyi. Ta kuma san likita mai ilimi ne. In ta ce shara, zai ɗauke ta tsohuwar da ba ta san komai ba, wataƙila ya yi tsammanin sharar tsakar gida take nufi. Gara ta kira abin da sunansa na gaskiya, wanda masu ilimi suka sani, yadda zai gane nan take.

Kwana shida bayan haka ta faɗi a hanyar banɗaki, da safe, kowa yana gida. Mai ɗinki ta jiyo ihun yara, ta fito ƙofar gida ta tara mutane da murya, har Injiniya ya ga ba makawa ya nemo mota. Kafin su fita Malama ta shiga hidima. Ta wanke wa Gwaggo fuska da wuya, ta sa tsinke ta ƙwaƙule baƙin da ke ƙarƙashin farcenta ɗaya bayan ɗaya, ta ciro mata kaya masu tsabta daga nata akwatin.

"Kada a ce ba ma kula da ku," in ji ta.

A mota Injiniya ya juyo. "Gwaggo, likitoci ba su da lokaci. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa, sauran ki bar mini."

Sun yi awa uku a layi. Likitan saurayi ne, idanunsa sun faɗa don gajiya, bayansu kuma akwai mutum fiye da arba'in suna jira. Ya gaishe ta da ladabi, ya ɗora abin sauraro a bayanta, ya ce ta ja numfashi. Ya ɗan ɓata fuska.

"Mama, ƙirjin nan ya jima yana wahala. Kina shan taba ko shaƙa wani abu?"

Ta girgiza kai.

"Akwai mai irin wannan tari a gida?"

"Babu, likita," in ji Injiniya. "Ita kaɗai ce. Shekaru ne."

"Wace sana'a kike yi, Mama?"

Ga ta nan, tambayar da ta kwana shida tana jira. Ba ta dubi ɗan ƙaninta ba. Ta dafa gwiwa, ta tattaro duk iskar da ta rage mata, ta dubi likita ido cikin ido.

"Ɗanyen kaya," ta ce. Ta ja numfashi. "A ɗakina. Har sama."

Ta faɗa! Ta jingina da kujera, tana jiran ta ga ya ajiye biro ya zaro ido.

Likita ya yi murmushi. "Allah sarki, Mama 'yar kasuwa ce ashe. Su tumatir da albasa da tattasai ko? Ai waɗannan ba sa taɓa ƙirji haka. Sai dai a rage tara su a ɗakin kwana saboda danshi."

Gwaggo ta ɗago a firgice. Ta girgiza kai, ta ɗaga hannu. "A'a... ba shi ba... toka..."

Tarin ya zaɓi wannan lokaci ya kama ta. Ya naɗe ta biyu a kan kujera, idanunta suka firfito, ta kasa ko haɗiye yawu. Injiniya ya matso da sauri yana bubbuga bayanta, yana yi mata sannu da muryar tausayi.

"Tokar murhu take nufi, likita. Ta shekara arba'in tana girki da itace kafin ta dawo wurina. Yanzu ko kicin ba ma barinta ta shiga."

"To, ka ji inda matsalar take," in ji likita, ya sunkuya yana rubutu. "Hayaƙin itace yana yi wa iyayenmu mata illa sosai, sai an tsufa yake fitowa."

Ta so ta kama hannun rigarsa. Ta buɗe baki, iska ta ƙi zuwa. Likita ya ce akwai buƙatar hoton ƙirji, amma injin ya lalace, su dawo bayan mako uku. Ya rubuta ƙwayoyi da abin shaƙa na fesawa a baki. Sannan ya dubi Injiniya ya yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa ɗa nagari.

"Ka kiyaye ta da ƙurar titi, da hayaƙi, da iska mai sanyi. Kada ta riƙa zama a tsakar gida. Ta zauna a ɗakinta, a rufe taga, a rufe ƙofa. In tana son ɗan aikin hannu a zaune, ba laifi, yana ɗebe kewa. Allah ya yi maka albarka da kake riƙe da ita. Na gaba!"

"Ko za ka rubuta mini wannan a takarda, likita? Don mutanen gida su kiyaye."

Ya rubuta, ya buga hatimi.

Mai ɗinki tana tsaye a ƙofar gida suka dawo, ta ƙi komawa kan kekenta tun safe. Ta tari motar.

"Yaya? Me likita ya ce? Gwaggo, kin faɗa masa?"

Gwaggo ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. Ai kuwa ta faɗa. Injiniya ya zaro takarda daga aljihu ya warware ta a gaban maƙwabta, ya karanta da ƙarfi, layi bayan layi, ya nuna hatimin.

"Ga shi nan, ba ni na faɗa ba. Hayaƙin itace ne na shekaru. Ta zauna a ɗaki, a rufe ƙofa. Masu cewa mun yi kaza mun yi kaza, sai su je su yi musu da likita."

Mai ɗinki ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya. Ta dubi Gwaggo, ta dubi mutanen da suka fara watsewa suna cewa Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya saka wa Injiniya. Ta miƙa masa takardarsa.

Abin da ke ci mini rai ke nan a wannan lamari. Ba wanda ya ɗaga hannu ya doki Gwaggo. Ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya zage ta. Duk da "don Allah" da "ki yi haƙuri" aka yi mata. Bulon da aka buga da garin da ta tankaɗe yana nan a gine-ginen mutane, tukwanen suna kan wuta a gidaje, hotonta da takunkumi yana rataye a falo kusa da lambar yabo. An samo wa tokar kamfani inda za ta yi amfani, an rasa wanda zai tambayi inda ƙurarta take sauka, alhali kowa a gidan ya sani.

Motar kaya ta zo suna asibiti, an ƙara buhu takwas. Injiniya ya rako Gwaggo har bakin ƙofa, ya ajiye mata ledar magani da kofin ruwa, ya tura rariya kusa da tabarma da ƙafarsa.

"A zaune, a hankali, kin ji likita ya ce ba laifi. Ko rabin buhu ne."

"Ɗan nan," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "Ƙofar... ka bar ta."

"Gwaggo, lafiyarki nake nema. Ni ba zan saɓa wa likita ba."

Ya ja ƙofar ya rufe. Malama ta kawo tsohon zane ta toshe ƙasan ƙofar, saboda iska mai sanyi.

Daga tsakar gida ana jiyo ta. Rariya ta yi shaf-shaf-shaf, ta tsaya, tari ya karɓa, ya daɗe, sannan rariya ta ci gaba. Haka har azahar ta wuce. Yara suka dawo wasansu, Malama ta zauna tana duba littattafan 'yan ajinta, Injiniya yana waya da masu bulo yana ce musu su turo mota jibi. Can wajen la'asar rariya ta yi shiru. Tarin ma aka daina jin sa.

Malama ta ɗaga kai daga littafi, ta kasa kunne, ta dubi mijinta.

"Ka ji? Maganin ya fara aiki."

"Alhamdu lillahi," in ji Injiniya. "Ku yi wasa a hankali, yara. Kada wanda ya buɗe mata ƙofa, ku bar ta ta huta."